Shekarun Fara Ciwo da Mantuwa Mai Zuwa Tare da Karkarwa

Malama, kin tambaya daga Gombe ko me ya sa mahaifinku, wanda karkarwar hannu ta kama yana da shekara 72, ya fara mantuwa da ruɗewa cikin ɗan lokaci, alhali maƙwabcinku da ta kama yana ɗan shekara 45 hankalinsa na nan daram. Allah ya ba Baba lafiya.

Shekarun da ciwon ya fara suna da tasiri ƙwarai. A cutar Parkinson, wato ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa mai kawo karkarwa, wanda ta kama da tsufa ya fi saurin samun mantuwa, tangaɗi da yawan faɗuwa. Wanda ta kama kafin shekara 50 kuwa, tunaninsa kan daɗe lafiya, sai dai ya fi fama da murɗewar gaɓoɓi da fizge-fizgen da levodopa, maganin da ake ba masu cutar, ke jawowa idan an jima ana shansa.

Abin da ya fi damuna game da Baba shi ne wanne ya riga wani. Idan ruɗewar ta riga karkarwar, ko ta biyo ta cikin shekara guda, musamman in yana ganin mutane ko dabbobin da babu su, likitoci kan yi zargin cutar Lewy (wani nau'in ciwon mantuwa mai zuwa da alamu irin na Parkinson), wadda magunguna irin su haloperidol ke iya yi wa mai ita mummunar illa, saboda haka kada a saya masa maganin kwantar da hankali a kemis.

Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ku tafi da dukkan magungunan da yake sha, tare da wanda ya san lokacin da kowace alama ta fara.