Tsini ɗaya a XRD bai isa shaida ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a kimiyyar lissafi da sinadarai. Na shimfiɗa kadmiyom salfaid, wato CdS, a kan gilashi da harbin leza. Shimfiɗar ta fito ruwan ɗorawa, amma na'urar XRD, mai gano yadda ƙwayoyin zarra suka jeru ta hanyar hasken X-ray, ta ba ni tsini ɗaya tak a zanen sakamakonta a wajen digiri 26.5. Zan iya rubuta cewa tsarinta mai kusurwa shida ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kar ki rubuta tukuna.

CdS na da tsari biyu, mai kusurwa shida da mai siffar ɗan ludo. Abin haushin shi ne, idan na'urarki da hasken X-ray na jan ƙarfe take aiki, tsinin 002 na farkon da tsinin 111 na biyun (lambobin sunayen fuskokin tsarin ne) duk a kusa da 26.5 suke faɗowa, kamar tagwaye cikin riga ɗaya. Ki duba wajen 24.8 da 28.2, musamman ma 47.8. Waɗannan na mai kusurwa shida ne kaɗai. Shi kuwa ɗan ludo yana da nasa a kusa da 30.7.

In ba ki ga ko ɗaya ba, ba lallai ne kin yi kuskure ba. Lezar tana farfaɗo ƙwayoyin zarra daga dunƙulen sinadarin da ƙarfi, su taso cikin wani tururi mai haske su sauka kan gilashi mai zafi, sai yawanci su jeru suna fuskantar sama gaba ɗaya kamar karan dawa a gona. To na'urar da ke auna fuska ɗaya, fuska ɗayar za ta gani. Maganin shi ne a kwantar da hasken ya shafi saman shimfiɗar da kusurwar digiri ɗaya ko ƙasa da haka, sai ɓoyayyun tsinayen su bayyana. Gwajin Raman, mai auna girgizar ƙwayoyin zarra da haske, ba zai raba gardamar nan ba, don duka biyun suna amsawa a wajen 300 da 600 a ma'auninsa.

Ruwan ɗorawar kuwa albishir ne. Gibin makamashin CdS, ƙarfin da haske ke buƙata kafin sinadarin ya haɗiye shi, kusan 2.42 ne a ma'aunin eV, wato yana haɗiye hasken da tsawon zangonsa bai kai nanomita 512 ba, ya bar sauran ya wuce. Shi ya sa ake sa shi a matsayin taga a farantan sola na kadmiyom telurayid, wato CdTe. Ki auna shigewar haske ki fitar da gibin. In ya yi nisa da wannan adadi, ko kika ga shimfiɗar ta yi duhu, ki zargi ƙarancin farar wuta, domin ta fi kadmiyom saurin tserewa idan gilashi ya yi zafi da yawa. Gwajin EDX, mai auna yawan kowane sinadari, zai nuna miki rabonsu.

Kafin duk wannan ma, ki ɗora shimfiɗar a madubin lantarki mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Tsohuwar cutar hanyar harbin leza ita ce ɗigo-ɗigon narkakken sinadari da ke fantsama su manne kamar ƙuraje. Rage ƙarfin harbin da juya dunƙulen yana aiki suna rage su.

Sannan don Allah, ranar da za ki goge cikin tukunyar na'urar, ki sa safar hannu da takunkumi. Ƙurar kadmiyom guba ce, ƙoda take zama shekaru ba ta fita.