Sandar kabon da salatif ɗin da ban ɓare ba

Ka tambaye ni, wai in mutum ya shigo shago ya ce zai hau tsauni da ƙafarsa ya sauko da siki, wato dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa a zame a kan dusar ƙanƙara, nesa da hanyoyin da injin ke sharewa, wace sandar dogarawa za ka miƙa masa, ta kabon ko ta alminiyom. Ajiye wayar nan tukuna, yaro. Ka fama mini wani tsohon miki, kuma sai ka ji shi har ƙarshe.

Zancen tsawon sanda ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda ya yi wata uku a shagon hayar kayan siki a Shamoni, nan tsaunukan Faransa, bai iya auna sanda da gwiwar hannun mutum ba, ya koma wanke kwanuka.

Wata shekara, cikin watan Afrilu, wani mutum ya zo, kayan jikinsa kaɗai sun fi albashina na wata. Ya nuna sandunan kabon mafi tsada da muke da su, ya ce su yake so. Bayan kwana uku ya dawo da su, fuska a sake, an naɗa baƙin salatif a jikin guda. Ka san masu shiga daji suna naɗa salatif a sanda don in wani abu ya yage a hanya su samu na liƙewa. Har cewa ya yi ya bar mini shi kyauta. Ni kuma, da furfurata, na yi masa godiya! Na ƙirgo kuɗin jinginarsa na ba shi, ya fice.

Abin da ya kamata in gani, kuma har gobe yake ci mini rai, shi ne wurin da salatif ɗin yake. Kowa a ƙarƙashin mariƙi yake naɗa shi. Wannan can ƙasa yake, taƙi ɗaya daga faifan da ke kusa da tsinin sandar, daidai inda kaifin ƙarfen gefen siki ke sara.

Kwana biyu da haka wani ja-gora, wanda duk shekara ni yake kawo wa mutanensa, ya zo da mutum shida za su bi hanyar tsaunukan da ake kira Haute Route, daga Shamoni zuwa Zermatt a Suwizalan, tafiyar kusan mako guda. Da hannuna na ɗauki sandunan nan na ba wata mata a cikinsu, har ina yabon rashin nauyinsu. Suna hawan mashigin tsaunin Col du Chardonnet, mai tsayin sama da mita 3,300, a gangare mai tsini inda mutum ke dogara duk nauyinsa kan sanda don ya juya siki, sandar ta ce ƙaras. Matar ta zame, gwiwarta ta gurɗe. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma tafiyarta ta ƙare ke nan.

Ja-goran ya dawo ya aza guntaye biyu a kan teburin nan da kake jingine da shi. Bai ɗaga murya ba. Da farce ya ɓare salatif ɗin a gabana, sai ga sara da tsaga tsohuwa a ƙarƙashi. Mai shagon na lokacin ya cire kuɗin sandunan daga albashina, wannan bai dame ni ba. Ja-goran ne bai sake taka ƙofar nan ba, kuma a kwarin nan ja-gorori suna magana da juna. Shekara uku ina biyan bashin ɗan salatif ɗin nan. Mutumin da ya naɗa salatif ɗin kuwa na kira lambarsa har na gaji.

To ga amsarka. Kabon ɓoye ciwonsa yake yi, ranar da zai karye ba ya sallama. Alminiyom mai kyau, irin mai lamba 7075, lanƙwashewa yake yi. Ka ɗora shi a gwiwa ka miƙar a hankali, ya kai ka gida ko da a karkace. Kabon na 'yan tsere ne, irin masu shiga gasar Pierra Menta a Arêches-Beaufort, waɗanda ke ƙirga giram-giram kuma sun san kayansu. Amma ku yaran yanzu, da kun ga abu baƙi mai sheƙi a bidiyo shi ke nan, ya zama shi ne na ƙwarai.

Mutumin da ka yi tambaya a kansa, ka ba shi sanda mai gaɓa biyu, ya ƙara tsawo wajen hawa, ya rage wajen sauka. Makullin ya zama na waje, mai ɗan harshen da ake dannawa ko da safar hannu. Na murɗawa in ruwa ya shiga ya daskare, ko dai ya ƙi buɗuwa, ko ya zame sandar ta shige cikinta ana tsakiyar dogara. Masu naɗewa gida uku ka bar wa masu allon zamewa a ƙanƙara da ke rabewa biyu, su ne ke cusa sanda a jaka lokacin sauka.

Faifan ƙasa kuma ya zama mai faɗi, kamar santimita 9 ko 10. Ƙaramin faifan hanyar da aka share nutsewa yake a dusar ƙanƙara mai laushi har mariƙi, mutum ya yi ta tuƙa tuwo. Ka duba a ce soso ya sauko ƙasan mariƙin, don in ana ratsa gangare hannun da ke ɓangaren tudu ƙasa-ƙasa yake kamawa.

Igiyar wuyan hannu kuwa, ka faɗa musu ko ba su tambaya ba: a wurin da ƙanƙara ke iya zaftarewa a zare hannu. Sandar da ke ɗaure da mutum ƙasa take jan sa, a cikin itatuwa kuma in faifan ya sarƙe, kafaɗa ce ke gocewa. In ya ce yana son sandar da ake haɗawa ta zama tsinken neman wanda ƙanƙara ta binne, ka sayar masa da tsinke na gaske.

Yanzu tashi ka sauko da sandunan da aka dawo da su jiya. Duk mai salatif ka ɓare shi a gabana, ka bi jikinta da farce daga mariƙi har tsini. Ka taho da sukundireba, makullan layin baya sun saki.