Amsa ga mai tambaya kan sitent mai magani da likita ya ce a sa wa Baba

Ɗan'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Ka ce jijiyar zuciyarsa ta ƙuntace, likita ya ba da shawarar sitent mai magani a jiki, kana tambaya ko ya cancanci ƙarin kuɗin da yake da shi a kan sitent marar magani. Ni ba likita ba ne, amma irinsa ne a ƙirjina shekara da shekaru, kuma amsata ita ce e, ya cancanta.

Sitent ɗan bututun raga ne na ƙarfe da ake turawa ta jijiyar hannu ko ta cinya, a buɗe shi a inda hanyar jini ta matse. Tun 1986 aka fara sa shi a Faransa da Suwizalan. Matsalar na farkon, wanda ƙarfe ne zalla, ita ce tsoka kan tofo a cikinsa ta sake matse hanya, har mutum biyu zuwa uku cikin goma su koma asibiti. Mai maganin, da ya shigo kasuwa a 2002 da 2003, yana sakin magani a hankali ya hana wannan tohon, sai adadin ya sauko ƙasa da ɗaya cikin goma.

Amma kada a sa muku ran abin da babu. Wani babban bincike a Norwe, wanda aka fitar a 2016 a kan mutum sama da 9,000, ya nuna yawan mace-mace kusan ɗaya ne tsakanin iri biyun. Ribar mai magani ita ce raguwar komawa a sake aiki. Ga wanda yake biya daga aljihu, ga tafiya mai nisa, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ƙwayoyin hana daskarewar jini. Za a ba shi asfirin haɗe da wani, galibi Plavix, na wata 6 zuwa 12 gwargwadon yanayinsa. Wallahi kada ya tsallake. Idan ya daina da wuri, gudan jini zai iya toshe sitent ɗin farat ɗaya, kuma wannan yana kisa. Na ga wanda ya ji sauƙi ya ajiye magani don kuɗi sun ƙare, da ƙyar aka ceto shi. Ku sa kuɗin ƙwayoyin cikin lissafi tun kafin a shiga aiki. A wannan lokacin ba ƙaho wurin wanzami, ba cire haƙori sai da sanin likitan zuciya, ba sayen maganin ciwon jiki a kemis barkatai, domin jini ba ya saurin tsayawa. Idan azumi ya zo, likita ne zai ce ko zai iya, ya tsara masa lokacin sha.

Ka kuma tambayi likita ko jijiya nawa ce ta matse. Idan Baba yana da ciwon suga kuma jijiyoyin suna da yawa, sau da yawa tiyatar yi wa jini sabuwar hanya ta fi sitent sakamako. Maganin kitsen jini da na hawan jini kuwa sai ci gaba, taba kuma a bar ta gaba ɗaya, domin sitent gurbi ɗaya kawai yake gyarawa.