Iskar na'urar CPAP da ke shiga ido cikin dare

Malam, ka ce tun da ka fara kwana da na'urar CPAP, wadda ke tura maka iska ta takunkumin da ake sawa a fuska, saboda ɗaukewar numfashi a cikin barci, kake tashi da idanu jajaye, a bushe, suna yi maka zafi. Galibi laifin takunkumin ne, domin na'urar tana tura iska da matsin da kan kama daga 4 zuwa 20 a ma'aunin santimitar ruwa, kuma idan robar bakin takunkumin ba ta zauna daidai a kan karan hanci ba, iskar takan kuɓuce ta sama ta busar da hawayen da ke kare ido.

Ka daidaita takunkumin kana kwance, na'urar tana aiki, kuma kada ka ɗaure igiyoyin tamau, saboda matsewar tana lanƙwasa robar har yoyon ya ƙaru. Ka wanke fuskarka kafin ka kwanta, ka riƙa wanke robar kullum, tunda maiƙon fata yana sa ta zamewa. Idan ta tsufa ka canza ta, idan kuma abin ya ci gaba ka nemi irin takunkumin da ke shiga ƙofofin hanci kawai.

Wani lokaci iskar takan biyo hanyar hawaye daga hanci ta fito ta kusurwar ido, musamman ga wanda aka taɓa yi wa tiyata a wurin, kuma wannan sai likitan ido. Shi ma zai rubuta maka maganin ɗigawa ko man ido na dare. Don Allah kada ka ajiye na'urar, amma idan ganinka ya fara dishi-dishi ko zafin ya tsananta, ka je asibiti ba tare da jinkiri ba.