Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Tsohuwar Kyanwa Mai Ɗingishi da Ciwon Ciki

Saƙonnin da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan sun karkata ne a kan kyanwa, musamman wadda shekaru suka cim mata, har ta fara ɗingishi ko cikinta ya ƙi zama lafiya. A matsayina na likitan dabbobi a nan Sakkwato, na zaɓi biyar daga ciki, domin amsarsu za ta amfani waɗanda ba su rubuto ba ma.

Tambaya ta farko daga wata Hajiya ce a unguwar Mabera: "Likita, kyanwata ta shekara 13 a hannuna. Tun shigowar hunturu take ɗingisa ƙafar baya, musamman da safe, kuma ta daina hawa katanga. Maigida ya ce tsufa ne kawai, maƙwabciyata kuma ta ce in ba ta rabin farasitamol. Yaya zan yi?"

Hajiya, zan fara da shawarar maƙwabciyarki domin ita ce ta fi gaggawa: kada ki ba kyanwa farasitamol, ko rabi ko kwata. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da wannan magani kamar yadda hantar mutum take yi, saboda haka sai ya zama guba, ya ɓata jininta har ya kasa ɗaukar iska. Cikin 'yan sa'o'i dasashinta zai rine ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe babbar kyanwa. Haka abin yake ga ibufurofen da dikulofenak da ake saye a kyamis, su kuma ƙoda da tumbi suke ci.

Maganar maigida tana da ƙamshin gaskiya, domin a lissafin likitocin dabbobi kyanwa mai shekara biyu daidai take da mutum ɗan shekara 24, daga nan kuma kowace shekara tata tana tsayawa a matsayin shekara huɗu, wato taki ta kama kusan 68 ke nan. Sai dai shekaru kaɗai ba sa kawo ɗingishi. Akwai abin da ke mata ciwo, kuma shi ya kamata a nemo.

Ki fara da abin da ido zai gani. Ki kwantar da ita a kan cinyarki lokacin da take cikin natsuwa, ki matsa kowane yatsa a hankali har farcen ya fito. Tsohuwar kyanwa ba ta yawan wasa faratanta a jikin itace, don haka sukan yi kauri su lanƙwashe, wani lokaci farcen ya zagayo ya huda tsokar tafin ƙafar, ki tarar da wurin ya kumbura yana fitar da mugunya mai wari. Ki duba tsakanin yatsu ko ƙarangiya ko ƙaya ta maƙale, sannan ki shafa ƙafar daga ƙasa zuwa cinya ko za ki ji wani wuri mai zafi da taushi, wanda yawanci cizon wata kyanwa ne ya taru ya zama maruru a ƙarƙashin gashi.

Idan ba ki ga komai ba, abin da na fi zato shi ne amosanin gaɓoɓi, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zaizaye, ƙashi yana gugar ƙashi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2002 ya duba hoton ƙashin kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12, ya sami alamun wannan ciwo a jikin 90 daga cikinsu. Abin da ya sa masu su ba sa lura shi ne kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Ba za ta yi kuka ba, sai dai a ga ta daina tsalle, ta ƙara yawan barci, gashin bayanta ya cukurkuɗe domin ta kasa lanƙwasawa ta lashe shi, ko ta yi fushi idan yaro ya ɗauke ta. Daina hawa katangar da kika ambata ya fi ɗingishin ba ni labari.

Wannan ciwo ba ya warkewa, amma ana sassauta shi ƙwarai. Ki ɗauke makwancinta daga kan siminti mai sanyi, ki shimfiɗa mata tsohon bargo a lungun da iskar hunturu ba ta bugowa. Ki kawo abinci da ruwa da kaskon yashin da take bayan gida a ciki kusa da juna, kuma bakin kaskon ya zama gajere yadda za ta shiga ba tare da ɗaga ƙafa sosai ba. In tana son hawa gado ko taga, ki ajiye mata kujerar tsuguno ta zama matakala. In kuma tana da ƙiba, a rage mata a hankali cikin watanni, ba a hana ta abinci lokaci ɗaya ba. Akwai maganin ciwo da aka yarda da shi ga kyanwa, irin su meloksikam, amma likita ne zai auna shi gwargwadon nauyinta, bayan ya gwada jini da fitsari ya tabbatar ƙodarta za ta ɗauka. Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan cikin gari, ki kai ta a duba.

Abu ɗaya nake roƙon kowa ya riƙe: idan kyanwa ta wayi gari tana jan ƙafafun baya biyu, tana kuka mai tsanani, ƙafafun sun yi sanyi, tafinsu ya koɗe, wannan ba amosani ba ne. Sau da yawa gudan jini ne ya taso daga zuciya mai ciwo ya toshe babbar jijiyar da ke kai jini ƙafafu, kuma ba a kwana da shi a gida.

Tambaya ta biyu daga wani malami ce a Runjin Sambo: "Muzuruna mai shekara 11 yana zuwa wurin yashi yana yunƙuri yana kuka, ba ya fitar da komai, yau kwana biyu. In ɗura masa man gyaɗa?"

Malam, kafin komai ka tabbatar ko yana fitsari. Mafitar fitsarin muzuru siririya ce ƙwarai, tsakuwa ko majina takan toshe ta, kuma yunƙurin da yake yi a lokacin bai da bambanci da na mai taurin bayan gida. Ka zuba masa busasshen yashi sabo, ka duba bayan ya tashi. Idan babu jiƙa ko kaɗan, ko ɗigo ne kawai da jini, yana yawan lasar gabansa, to ka kai shi asibiti a yau, domin muzurun da fitsarinsa ya toshe yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Kada ka matsa cikinsa, mafitsarar tana iya fashewa.

Idan fitsari yana fita, to taurin bayan gida ne, kuma a tsohuwar kyanwa tushensa mafi yawa shi ne ƙarancin ruwa a jiki. Babban hanji aikinsa tsotse ruwa daga kashi, to in jikin yana cikin ƙishi sai ya tsotse fiye da kima, kashin ya bushe ya ƙi fita. A garinmu da zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, wannan ba abin mamaki ba ne. Ciwon ƙoda yana ƙara abin, haka ma amosanin ƙugu, domin tsugunon yana masa ciwo sai ya riƙa jinkirtawa, jinkirin kuma ya ƙara busar da kashin. Shi ya sa ɗingishi da ciwon ciki suke yawan zuwa tare, kuma wanda ya yi maganin ɗaya ya bar ɗaya bai gama aiki ba.

Ɗuren mai ban yarda da shi ba, ko na gyaɗa ko farafin, saboda idan ya kuskure ya bi hanyar iska ya shiga huhu, ciwon da zai haifar ya fi wanda ake gudu. Maganin da ake ɗura wa mutane ta dubura shi ma haɗari ne, musamman mai sinadarin fosfet, wanda ke kashe kyanwa. Likita yakan yi ƙarin ruwa, ya fitar da abin da ya taru, sannan ya rubuta laktulos, wato maganin tausasa kashi, a riƙa bayarwa da awo. A gida kuwa, kyanwa tana buƙatar kimanin mililita 50 na ruwa ga kowane kilo na nauyinta a rana, har da wanda ke cikin abinci, wato mai kilo huɗu tana neman abin da ya kusa rabin ledar ruwan sha. Ka ajiye ruwa a wuri biyu ko uku, cikin faffaɗan kasko na ƙasa da ke riƙe sanyi, ka riƙa jiƙa abincinsa da romon da ba gishiri ba albasa, ka ƙara masa ƙaramin cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa.

Tambaya ta uku daga wata ɗaliba ce a Gidan Igwai: "Magen kakarmu tana yawan amai da zawo. Madara muke dama mata da safe, da dare kuma tuwo da miya."

'Yata, ina ganin amsar tana cikin tambayarki. Mafi yawan kyanwoyi bayan yaye suna rasa sinadarin narkar da sukarin da ke cikin madara, don haka sai ya wuce hanji bai narke ba, ya janyo ruwa ya zama zawo. Ku daina madarar na mako biyu ku gani. Miya kuma akwai albasa da tafarnuwa, waɗanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa ko ɗanye ne ko dafaffe, ga gishiri da barkono da dunƙule. Mu da albasa ta wadace mu, da wuya a sami tukunyar da babu ita, saboda haka a cire wa mage nata naman kafin a zuba kayan miya.

Mage dabba ce da Allah ya halitta a kan cin nama. Akwai sinadarin da ake kira taurin, wanda jikinta ba ya samar da isasshe sai daga nama, kuma rashinsa yana makantar da ita. A shekarar 1987 masu bincike a Kalifoniya suka tabbatar yana raunana zuciyarta ma. A ƙuruciya tana cike giɓin tuwo da ɓeraye da ƙadangaru, amma idan tsufa ya zo ƙafa ta gaza, abin da kuka ba ta shi ne kawai abincinta. Ku dafa mata kaza, ko tarwaɗa da aka zare ƙayarta, ko ƙwai, a ba ta kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana. Hanta a ba ta ɗan yanki sau ɗaya a mako, domin yawanta yana tara bitamin A har ƙasusuwan wuya su sandare. In da hali a haɗa da abincin kyanwa na kanti, domin tsoka zalla ba ta da isasshen sinadarin ƙarfafa ƙashi. A ba ta maganin tsutsar ciki na dabbobi duk wata uku. Idan aka ga jini a amai ko kashi ya yi baƙi, ko ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba, a kai ta asibiti, domin kyanwar da ta daina ci kitse yakan taru a hantarta.

Tambaya ta huɗu daga wani Alhaji ce a Bodinga: "Kyanwar gidana tana shan ruwa fiye da da, tana fitsari da yawa, kuma tana ramewa."

Alhaji, cututtuka uku ne suka fi kawo haka ga mai shekaru: ciwon ƙoda, ciwon suga, da yawan aikin halittar tayirod da ke wuya. Mai ciwon ƙoda cinta yakan ragu, bakinta ya yi wari, sauran biyun kuwa sukan ci sosai amma suna ramewa. Ido ba ya rarrabe su da tabbaci, sai gwajin jini da fitsari, kuma kowanne akwai abin da ake yi a kansa. Kada a rage mata ruwa don ganin fitsarin ya yi yawa.

Tambaya ta ƙarshe daga wata amarya ce a Arkilla: "Ina da juna biyu, ga tsohuwar kyanwarmu tana zawo. An ce mu kai ta daji mu yar don kada ta cutar da cikin."

Allah ya raba lafiya, ƙanwata. Cutar da ake tsoro ita ce tokzofilazma, kuma gaskiya ne tana iya shafar ɗan tayi, amma yar da kyanwar ba shi ne kariya ba, ga shi tsohuwa marar lafiya ba za ta iya ciyar da kanta a daji ba, alhali hadisin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha sananne ne a Bukhari da Muslim. Ƙwan cutar da ke fita a kashin kyanwa yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya iya kama mutum, don haka a riƙa kwashe yashin kullum, kuma maigida ko wani a gidan ya yi wannan aikin har ki haihu. Mutane suna kamuwa da ita ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, saboda haka ki tabbatar tsire da balangu sun gasu har ciki, ki wanke latas da kabeji sosai, ki kuma wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɗanyen nama ko ƙasa. Zawon kyanwar kuma a kai ta a duba shi, a tafi da ɗan kashin na ranar a cikin leda mai tsabta domin a gwada.