Bangon gareji da ya ɗan karkace: nawa ne za a iya haƙura da shi?

Malam, ka ce birkilanka a Agege ya kai layi na 6 na bulon gareji, ka sa ma'aunin ruwa ka ga wani gefe ya fi wani tsayi da kusan milimita 15, kana tambaya ko a bari ko a rushe.

Gaskiya abin da aka saba ɗauka shi ne kar bambancin tsayin ya wuce kamar milimita 10 a tsawon mita 5 na layi, a tsaye ma kar bango ya kauce fiye da kamar milimita 10 a mita 3. Naka ya ɗan wuce amma ba sai an rushe ba, tunda siminti tsakanin bulo da bulo kusan milimita 10 ne, sai birkilan ya riƙa ƙara simintin kaɗan a gefen da ya yi ƙasa, milimita 3 ko 4 a kowane layi, kafin a kai linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, ya daidaita. Kar ka yarda ya cike duka a layi ɗaya, kuma kar ya ce maka filasta zai rufe.

Inda ba wasa shi ne bakin ƙofa, in ƙofar ƙarfe mai naɗewa za ka sa, gefe biyun dole su miƙe sosai in ba haka ba kullum tana maƙalewa.

Sannan ka auna bulon kansa, na Legas sau da yawa ba girmansu ɗaya ba, musamman wanda ake bugawa da hannu. Kowane layi a ja igiya daga kwana zuwa kwana, a duba ko tsayin kwana-kwanan ɗaya ne da tiyon ruwa, wato siririn tiyo da ake cika da ruwa don gwada daidaiton tsayi.