Kare Asusu da Lalitar Kirifto daga Manhajar da ke Naɗar Rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina amfani da manhajar banki a waya, kuma ina da ɗan kuɗin kirifto a wata lalita. Kwanakin baya an shiga imel ɗin wani abokina, ya canza kalmar sirri har sau biyu amma ba a daina shiga ba, daga baya mai gyara ya ce masa akwai kiloga a kwamfutarsa. Mene ne wannan abu, kuma yaya zan kare kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kiloga manhaja ce, wani lokaci kuma ƙaramar na'ura, wadda ke naɗar duk harafin da aka danna a allon rubutu, ta adana, sannan ta aika wa wanda ya dasa ta. Wannan ne ya sa canjin da abokinka ya yi bai amfane shi ba, domin sabuwar kalmar da ya rubuta a kan wannan kwamfutar ta isa hannun ɓarawon tun kafin shi kansa ya gama haddace ta. Tsawon kalmar ko wahalarta ba su da tasiri a nan, tunda ɓarawon ba canka yake yi ba, karantawa yake yi.

Dabarar ta girmi intanet ɗin da muka sani. A 1984 Amurka ta gano cewa Tarayyar Sobiyet ta ɓoye na'urori a cikin tafiretocin IBM Selectric na ofishin jakadancinta da ke Mosko, suna aika abin da ake bugawa zuwa waje. Manhajar Zeus, wadda aka gano a 2007, da irin wannan hanya ta riƙa kwashe bayanan shiga banki. A 2022 kuma an yi wa kamfanin LastPass kutse, alhali sana'arsa ita ce adana kalmomin sirrin jama'a, bayan da aka dasa kiloga a kwamfutar gida ta wani babban injiniyansa.

Galibi da hannunmu muke shigar da ita. A kwamfuta takan zo ne cikin manhajar da aka fasa domin a samu kyauta, ko cikin fayil ɗin da aka liƙa a imel da sunan rasit ko takardar oda. A wayar Android kuwa, babbar ƙofarta ita ce manhajojin da ake saukewa daga wajen Play Store, irin su kwafin WhatsApp da aka yi wa kwaskwarima, da allunan rubutu masu ado da ba a san mai su ba. Akwai wani sashe a saitin waya mai suna Accessibility, wanda aka tanada domin masu larurar gani da makamantansu, kuma duk manhajar da aka ba wannan izini tana iya ganin abin da ke kan fuskar waya da abin da ake rubutawa. Ka buɗe sashen ka duba. Idan ka tarar da manhajar tocila ko ta gyaran hoto a jerin masu izini, ka cire ta nan take, domin babu abin da ya haɗa aikinta da wannan izini.

Kwamfutar kafe ko ta shagon buga takardu matsalarta daban ce. Idan ka leƙa bayanta ka ga wani ɗan abu mai kama da filash a tsakanin wayar allon rubutu da ramin USB, to wataƙila kiloga ce ta na'ura, kuma manhajar kashe bairos ba ta ganin irin wannan. Ra'ayina shi ne kada ka shiga banki, ko lalita, ko imel ɗin da aka haɗa da su, a kan kwamfutar da ba taka ba, ko da mai shagon amininka ne. Wasu sukan ce a yi amfani da allon rubutu na kan sikirin, amma kariyarsa kaɗan ce, saboda manhajojin zamani suna ɗaukar hoton sikirin ko su kwashe bayanin daga cikin burauza.

Kariyar da na fi dogara da ita ita ce a mayar da abin da ake rubutawa ya zama bai isa ya buɗe asusu shi kaɗai ba. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato tsarin da bayan kalmar sirri sai an nemi wata lamba ta daban kafin a shiga, ka fara da imel, domin ta nan ake sake saita kalmomin sirrin sauran asusu. Manhaja irin Google Authenticator, wadda lambarta ke canzawa duk bayan daƙiƙa 30, ta fi saƙon tes aminci, saboda ana iya sace layin mutum ta hanyar sabunta SIM ɗinsa da sunansa. Inda asusu ya ba da damar shiga da zanen yatsa ko fuska ba tare da rubuta komai ba, kamar yadda Google ya fara bayarwa a 2023, ka karɓa.

Lalitar kirifto ce ta fi buƙatar taka-tsantsan, domin idan kuɗi ya fita babu bankin da za a kai wa ƙara ya dawo da shi. Kalmomi 12 ko 24 da aka ba ka ranar da ka buɗe lalitar su ne dukiyar gaba ɗaya, kuma duk wanda ya same su zai buɗe ta a wayarsa ba tare da ya nemi lambar sirrinka ba. Ka rubuta su da biro a takarda ka adana inda kake adana takardun gida, kada ka ɗauke su hoto, kada ka tura wa kanka ta WhatsApp, kada kuma ka rubuta su a wani shafi da ya ce zai gyara maka lalita. Idan kuɗin ya taka kara ya karya, ka sayi na'urar ajiya irin Ledger ko Trezor, wadda mabuɗin sirrin lalitar ba ya fita daga cikinta. Haka nan akwai wata manhaja 'yar uwar kiloga da ke musanya adireshin lalitar da ka kwafa da na ɓarawo, don haka ka gwada adireshin da idonka kafin ka aika, ka kuma fara tura ɗan kaɗan.

Game da abokinka, tsarin matakan ne ya kuɓuce masa. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya fara cire kwamfutar daga intanet, sannan ya canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, ya fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, ya kuma duba saitin imel ko an sa a riƙa tura saƙonninsa zuwa wani adireshi. Bayan haka ya kwashe muhimman takardunsa, a goge kwamfutar a sake ɗora mata Windows. Idan ya taɓa rubuta kalmomin lalitarsa a kanta, ya sani cewa ba a canza su kamar kalmar sirri, sai dai ya buɗe sabuwar lalita a na'ura mai tsabta ya mayar da kuɗin can tun yau.